Godiya ga duk wanda ya tsaya min a wannan jinya

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah an cire min ratayen hannu, yau da hannu biyu nake rubutu, shi ya sa na ce bari in fito in yi godiya tunda ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba.

Masu ta tambaya wai karaya ce, a'a ba karaya ba ce, targaɗe ne, amma a wani waje da ko a mafarki ban san ana targaɗe ba. Ku shafa ƙashin nan da ya taso daga kafaɗa, ku bi shi har ƙasan maƙogwaro inda ya haɗu da ƙashin ƙirji, to nan ne. A ƙwallo na faɗi ta gefen kafaɗa wani ya faɗo kaina, kafaɗar lafiya lau, ƙarfin bugun ne ya bi ƙashin ya je ya sauka a can ciki. Wajen ya kumbura, ɗaga hannu ya gagara, ko tari na yi sai na ji kamar ana soka min ƙusa.

Godiya ta farko ga Yayana, don a filin mutane sun taru kowa ya zama likita, wannan ya ce a ja hannun wancan ya ce a danna ƙashin ya koma, shi ko ya ce wallahi ba mai taɓa shi sai asibiti. Yaya Allah ya biya ka. Da muka je likita bai ma fara da hannun ba, tambayata ya shiga yi, kana numfashi daidai? haɗiyar yawu fa? muryarka ta dishe? hannun ya yi sanyi ko ya mutu? Ni har na fara ƙosawa, daga baya ya yi min bayani cewa a bayan gaɓar nan hanyar iska da hanyar abinci da manyan jijiyoyin jini suke, in ƙashin ya goce ya yi gaba da sauƙi kuma shi aka fi gani, amma in ya yi baya zai iya danne su, wannan kam maganar gaggawa ce. Hoton ƙashi na yau da kullum bai cika nuna wajen da kyau ba saboda haƙarƙari da ƙashin baya suna shiga hoton, sai da aka yi CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, hankalinsa ya kwanta. Ya ce mataki 3 ne, na 1 jijiyoyin da suka ɗaure gaɓar sun miƙe kawai, na 2 sun ɗan yage gaɓar ta yi sako-sako, na 3 sun tsinke ƙashi ya goce. Nawa na 2 ne, irinsa akan rataye hannu sati 4 zuwa 6. Likita da nas-nas ɗin da suka duba ni, Allah ya ƙara basira.

Uwargida kuwa ban san ta ina zan fara ba. Ita ke naɗe ƙanƙara a tawul ta ɗora min minti 15 zuwa 20 tana duba agogo, ita ke sa min riga, hannun mai ciwo ya fara shiga sannan mai lafiya, cikin dare ta jera min filo saboda kwanciya ta gefen nan ba ta yiwuwa. Ga mita da na dinga yi duk ta shanye. Allah ya saka miki da Aljanna. Umma na gode da addu'a, da wayar da ba ta yankewa.

Mai yi min gashin ƙashi shi ma Allah ya saka, duk da dai ranar da ya ce in bi bango da yatsu ina hawa sama na so mu ɓata. Abokan aiki da suka riƙe min aikina ba tare da ƙorafi ba, na gode ƙwarai.

Ƙannena 'yan ƙwallo da kuka yi ta zarya kuna duba ni, ku ji wannan, likita ya ce kan ƙashin nan ta wajen ƙirji shi ne na ƙarshe da yake gama haɗewa a jiki, sai wajen shekara 23 zuwa 25, don haka a wajenku abin da ake zaton targaɗe ne zai iya zama karaya. In ya samu wani a fili kar ku ja, ku tallafe masa hannun a jikinsa ku kai shi asibiti. Ni dai ba a ba ni izinin komawa fili ba tukuna, kuma an hana ni ɗaukar kaya mai nauyi, don haka mai riƙe da lambata ya ci gaba da riƙewa, aro na ba shi.