Wasiƙa daga Balin: Kada a zubar da kwalin kaset ɗin nan

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya, iyaye da iyali. Mu ma nan Jamus lafiya lau, sai sanyi da kewar gida.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani hoto ne da ƙanena ya turo mini ta WhatsApp makon jiya. Suna gyaran ɗakin Hajiya sai suka jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, cike da kaset ɗin bidiyo, wasu har sun yi fari fat da funfuna. Ya rubuta a ƙasan hoton: “Yaya, a ba 'yan gwangwan ko a ƙona?” Na kira shi nan take na ce ko taɓa su kada ya yi. Ya yi dariya, ya ce zaman Turai ya mayar da ni mai tara shirgi. To bari in ba shi amsa a nan, ku ma ku ji, don na san irin wannan kwali yana gidaje da yawa.

A watan Fabrairun 2018 na shiga wani zauren sinima a garin nan lokacin bikin finafinai na Balin, na zauna cikin Turawa, aka kashe fitila, sai na ji Hausa tana fitowa daga bango. Hausa tsantsa, irin ta dattawa, mai nauyi da natsuwa. Fim ɗin Shaihu Umar ne, wanda marigayi Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa. Na karanta littafin a makaranta kamar kowa, na san labarin yaron da aka sace aka ƙetare hamada da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ƙarfinta ya ƙare. Amma ban taɓa ganin fim ɗin ba, kuma yawancin sa'o'ina ba su gani ba, domin shekara da shekaru ana ɗauka ya ɓata.

Ashe yana nan cikin gwangwanayensa. A 2016 aka gano asalin zaren da aka ɗauka da kyamara a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, da ƙoƙarin masu kishin fim irin su Didi Cheeka na Legas, sannan cibiyar adana finafinai ta Arsenal da ke nan Balin ta ɗauki nauyin gyara shi. Shekara 40 ke nan tsakanin shirya shi da gano shi. Ina zaune ina kallo, na kusa da ni yana karanta fassara a ƙasan allo, ni kuwa ina jin kowace kalma kai tsaye, har na kama kaina ina amsa sallamar da aka yi a cikin fim.

Daga ranar nan na fara bin mutanen da suka mayar da wannan aiki sana'a ko sha'awa, kuma na gane cewa matsalar ta kowa ce. Amurka da kuɗinta, wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokinsu ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinansu na zamanin da fim bai fara magana ba sun salwanta. Zaren fim na farko da sinadarin nitiret aka yi shi, abu ne mai kama wuta kamar fetur, idan ya kama ko ruwa ba ya kashe shi. A 1937 ma'ajiyar kamfanin Fox ta ƙone da dubban gwangwanaye a dare ɗaya. Daga wajen 1950 aka koma wani zaren da ba ya ci da wuta haka, sai shi kuma ya zo da tasa cutar: idan zafi da laima suka haɗu masa sai ya fara warin tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe, hoton ya ɓare daga jikinsa. Masu aikin da hanci suke fara gane shi. Wata ma'aikaciya ta ce mini da ta buɗe murfi ta ji tsamin nan, ta san lokaci ya fara ƙurewa, kuma dole a raba wannan gwangwani da sauran don kada ya shafa musu.

Gyaran kuwa aikin haƙuri ne da ban taɓa ganin irinsa ba, sai dai ko masu ɗinkin babbar riga da hannu. Kowace daƙiƙa ta fim hotuna 24 ce, ke nan fim na awa 2 hotuna 172,800 ne. Za a warware zaren a hankali, a liƙe inda ya yage, a wanke, a bi da shi ta na'urar da ke kwafe hotunan ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta, sannan a zauna ana cire ƙura da ƙarzuwa, ana daidaita launi da sauti. A nan ma akwai gardama tsakaninsu. Wasu na son a goge komai fim ya fito sumul kamar jiya aka ɗauka. Ni dai ina tare da waɗanda ke cewa a bar tsoho da kamanninsa, a cire dattin da zamani ya ɗora masa kawai. Fuskar dattijo ba ta bukatar hoda.

Jamusawa suna da nasu labarin da suke ji da shi. Fim ɗinsu Metropolis na 1927 an yanke shi tun yana sabo, aka yi shekaru 80 ana kallonsa da giɓi. A 2008 sai ga kwafinsa a wani ƙaramin gidan tarihin fim a Buenos Aires ta Ajantina, duk ya ƙarje, amma da kusan minti 25 da kowa ya fid da rai da su. A 2010 aka haska shi a fili a Ƙofar Brandenburg ta nan Balin, mutane na tsaye cikin sanyin Fabrairu. A Kanada kuma, a garin Dawson, an tono zaren fim sama da 500 a 1978 daga wani tsohon wurin ninƙaya da aka cike da ƙasa. Ƙanƙarar ƙasar ce ta adana su. Mu kuwa ba mu da ƙanƙara, muna da zafin bazara da laimar damina da ƙurar hunturu, kuma kowannensu maƙiyin zare ne.

Wannan ne ya dawo da ni kan kwalin Hajiya. Fim ɗin Adamu Halilu ya tsira ne don an ɗauke shi a kan zaren sinima, kuma yana hannun hukuma. Abin da muka ɗauka daga 1990, lokacin da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo na Hausa a Kano, yawancinsa a kan kaset yake, kuma kaset ya fi zaren sinima saurin mutuwa. Hotonsa a jikin maganaɗisu yake, yana dusashewa ko ba a taɓa shi ba. Na'urar kunna shi ma an daina ƙerawa, kamfanin Funai na Japan ya rufe layinsa na ƙarshe a 2016. Ku tuna kaset ɗin da suka ratsa kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano a shekarun nan, ku haɗa da wasannin kwaikwayo na gidajen talabijin, da wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da hawan salla, da kalankuwar makaɗa, da bukukuwan aure. Abin da aka ɗora a YouTube kaɗan ne, kuma sau da yawa kwafin kwafi ne, hoto ya dishe, an yanke sunayen 'yan wasa, an manna tambarin mai shafi a tsakiyar fuskar mutum. Wannan ba ajiya ba ce. Ranar da aka rufe shafin, shi ke nan.

Na ji daɗi da Jami'ar Jos ta buɗe karatun digiri na biyu kan adana finafinai a 2019 tare da Jami'ar Goethe ta Frankfurt, haka kuma shirin da gidauniyar Martin Scorsese, mai shirya finafinai na Amurka, da UNESCO da ƙungiyar masu shirya finafinai ta Afirka suka ƙaddamar a 2017 don gyara finafinan nahiyar guda 50. Sai dai waɗannan manyan ayyuka ba za su leƙa ƙarƙashin gadon kowa ba.

Ga abin da na gaya wa ƙanena. Ya ware masu funfuna daban, kada ya saka su a na'ura, don za su ɓata kan na'urar su kuma shafa wa masu lafiya. Sauran ya jera su a tsaye kamar littattafai, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bango mai jiƙa da lasifika. Ya rubuta abin da ke jikin kowanne tun Hajiya na iya tuna sunayen mutane. In an kwafe zuwa kwamfuta a ajiye a wuri biyu, kuma a riƙe kaset ɗin.

Shekaranjiya ya samo tsohuwar na'ura wajen wani mai gyaran rediyo, ya gwada kaset guda mai tsafta. Bikin sunan ƙanwarmu ne na 1996. Ya turo mini minti 2 da ya ɗauka da waya daga fuskar talabijin: ga kakarmu zaune a tabarma tana rabon goro, tana yi wa mai kyamara faɗa ya matsa ya tare mata haske. Shekara 19 rabona da jin muryarta. Ya ce saura kaset 31, na ce ya bi su a hankali.

A gaishe da kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Balin