Sanyin da ya kawo ni Italiya

Garin da na sauka sunansa Sesto Fiorentino, a gefen Firenze. Masu yawon buɗe ido ba su cika leƙowa ba. Gidaje ne da masana'antu, sai harabar kimiyya ta jami'a, inda cibiyar binciken kimiyya da hasken leza mai suna LENS take, kuma nan nake digiri na uku.

Gaisuwa ce ta fara ba ni wuya. Kafin ka tambayi mutum gajiya da iyali, ya kurɓe kofinsa a tsaye ya yi gaba. Tuwo kuwa na samo dabara: garin masarar da suke polenta da shi nake tuƙawa da tauri, ga kukar da Inna ta ƙullo mini. Ba laifi.

Ɗakin gwaji ne ya fara zame mini gida. Aikinmu sanyaya tururin sinadarai biyu, rubidiyam da fotasiyam, da hasken leza, sannan mu bar atom masu zafi su tsere, har ragowar su kusa kaiwa ƙarshen sanyi, digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas. A nan atom ke daina zaman ɗaiɗai, su dunƙule su zama igiya guda, irin igiyar ruwa. Tun 1924 da 1925 masana kimiyya Bose da Einstein suka share fagen wannan a takarda, amma sai 1995 Cornell da Wieman suka samar da shi a Kolorado.

Idan ka haska leza biyu gaba da gaba, hasken kan tsaya ya yi tudu da kwari, kamar kiret ɗin ƙwai. In ramukan ba su da zurfi, igiyar atom ɗin na ratsa su salin-alin. In ka zurfafa, kowane atom ya maƙale a raminsa, kamar yadda aka nuna a Munik a 2002. A nan cibiyar kuma, a 2004, aka ga cewa in ka ja ramukan da gudun da ya wuce wata ƙa'ida, igiyar sai ta rikice ta watse.

Ni haɗin jinsi biyun, wato rubidiyam da fotasiyam, ne ya fi ɗaukar hankalina. In turereniyar da ke tsakaninsu ta fi wadda kowane jinsi ke yi a cikin kansa, sai su ware, kowa ya kama gefensa. In janyo juna ya yi yawa, gajimaren atom ɗin ya rufta. Da ƙarfin maganaɗisu muke saita wannan, kaɗan-kaɗan. Hoto ɗaya kake ɗauka gajimaren ya lalace, sai ka sake wani daga farko. A ganina rabin ilimin nan a yatsu yake, wajen murɗa ƙananan madubai cikin duhu har haske ya faɗa inda ake so.

Yanzu na shiga ajin Italiyanci na yamma. Taron mako da Turanci ake yi, amma gardamar da ke warware matsala a teburin abincin rana ake tafka ta, da harshensu, hannuwa na tashi sama, ni kuma na gaji da gyaɗa kai kawai.