Ƙafafun Benz ɗin sun daina guga

Jiya bayan la'asar na ɗauki ƙarti huɗu a motar, muka taso daga Aboabo a Kumasi, muka bi ta Anloga har Ejisu muka dawo, ban ji ko ƙiris ba. Babu guga, babu rawar sitiyari, babu warin roba. Alhamdu lillahi. Wata biyu da rabi ke nan wannan abu yana hana ni barci, shi ya sa na ce bari in rubuta muku tun lissafin yana kaina.

Masu bin aikin tun farko sun san motar: Benz 230E ce, samfurin da ake kira W123, ƙirar 1983, wadda marigayi Baba ya bar mana. Bara muka sauke ta milimita 30 da gajerun sifirin. Da ta zauna, sai wilinta na asali mai inci 14 ya yi mata kaɗan a ido. Na shiga Magazin na Suame, kasuwar kayan mota da gareji, ina zagaye, har na ci karo da wili huɗu na W210, wani samfurin Benz na baya-baya, inci 16, babu lanƙwasa babu walda. Ramukan noti 5x112, wato rami biyar a da'irar milimita 112, ramin tsakiya milimita 66.6, duk daidai da tawa. Kafin su wani ya so tura mini na tsohuwar Audi, wai ai duk rami biyar ne, alhali tsakiyarsa 57.1 ne, ko shiga hob, wato ƙarfen da wili ke zama a kai, ba zai yi ba. Da na tsallake wannan sai na ɗauka na gama sanin komai. Na ƙirga sidi 3,400 na miƙa, na ƙara da tayoyin hom-yus, wato na hannu, 215/55 R16, girman da W210 take ɗauka.

Ban juya wilin na karanta bayansa ba. Nan matsalar take.

A bayan an buga 7.5J ET41. Nawa na asali 6J ET30 ne. Lambar J faɗin wili ce da inci, ET kuwa tazarar milimita ce daga tsakiyar wili zuwa inda yake manne da hob, duk yadda ta ƙaru wili ciki yake shiga. A ido bambancin ET ɗin 11 ne kawai, mutum sai ya ce ba komai. Amma faɗin ma ya ƙaru da inci ɗaya da rabi, milimita 38 ke nan, rabi ciki rabi waje. Ka haɗa 19 da 11, bakin wilin na ciki ya matsa wajen milimita 30 zuwa cikin mota, na waje kuwa 8 kacal ya fito. Ƙafar gaba ta W123 ba ta da wannan filin. Muna sauke jak na ja da baya daga gareji, na karya sitiyari, sai na ji ƙuuu daga hagu. Muka cire. A cikin wilin ga wani zare mai ƙyalli ya zagaye shi tsaf, kamar an zana da ƙusa, kan tayirod kuma ya goge fes. Na daɗe tsugune ina shafa zanen nan da yatsa, raina a ɓace.

Masta, makanikena, ya leƙo ya ce, "Ɗana, ramin noti yana gaya maka wili zai ɗauru ne. Bai ce maka zai juya ba."

Na ce, "Masta, to in mayar?"

Ya ce wanda ya sayar ba zai karɓa da zane ba, kuma haka aka yi.

Sai muka koma kan sifesa, wato farantin da ake sawa tsakanin hob da wili don ya turo wili waje. Milimita 15 zai mayar da ET41 tamkar ET26, kusa da na asali. Na farko da na saya faranti ne shafaffe, ba shi da leɓen da wili yake hawa. Gugar ciki ta tafi, amma ina kai gudun kilomita 80 sitiyari ya kama rawa a hannuna. Sau biyu na kai balansin, sau biyu injin ya nuna sifili. Na zargi taya, na zargi shokozoba, har na fara tunanin faifan birki ne ya karkace. Ashe leɓen hob ɗin ne farantin ya haɗiye, wilin bai da abin da zai zauna a kai, notuna kaɗai ke riƙe da shi, kuma notin Benz ɗauri ne aikinsa, hob ne ke daidaita tsakiya. Daga ƙarshe wani dattijo mai injin feƙe ƙarfe a cikin Magazin ya auna hob ɗin da kansa, ya feƙe mini guda huɗu na alminiyam, kowanne da leɓensa na 66.6. Da ya ɗora ɗaya a wilin sai da ya buga da tafin hannu kafin ya shiga. Rawar ta ɗauke ranar. Idan za ku sa sifesa, don Allah ku nemi mai leɓe, shafaffen nan asara ne.

Notuna ma sun ci mini kwana uku, don da sifesa sai dogaye. M12x1.5 ne masu zagayayyen wuya, kada a ba ku masu wuyan mazurari. Na samu waɗanda suka fi tsawon da nake bukata da milimita 5, na ce ai yawa ya fi rashi. A gaba lafiya. A baya sai ƙas, ƙas, ƙas duk juyi ɗaya, saboda takalmin birkin hannu yana cikin faifan baya, bakin notin yana taɓa sifirinsa. Muka rage su. Yanzu kowanne yana cin juyi shida da rabi, ɗauri 110 Nm.

Ina murna an gama, sai bodi ya fara nasa. Sifesan ya turo ƙafa waje milimita 23 fiye da asali, mota kuma a sauke take. Ni kaɗai a ciki shiru. Da na ɗauki Hajiya da 'yan uwanta zuwa suna a Tafo, duk tudun rage gudu da muka hau sai bayan motar ya yi gurnani. Hajiya ba ta ce komai ba sai da muka sauka, ta ce, "Motar babanku ba ta taɓa kuka haka ba." Maganar nan ta zauna mini.

Washegari na shafa alli a kafaɗar tayoyin baya, na loda buhun siminti huɗu a kujerar baya da but, na hau tudu ɗaya a hankali. Allin ya goge a gefen waje, kuma ya bar fari a leɓen madigadi daga sama, wajen tsawon tafin hannu. Sannan na zauna da biro. Tayar asali 195/70 R14 tsayinta milimita 629 ne. 215/55 R16 kuwa 643. Na ƙara tsayi 14, na ƙara faɗi 20, a motar da na riga na rage wa fili 30. 205/55 R16 tana ba da 632, bambancin 3 kawai, ko allurar gudu ba za ta sani ba. A kan wili 7.5J nan ne iyakar faɗin da 205 take yarda da shi, gefenta ya ɗan miƙe, amma tana cikin ƙa'ida.

Na sayar da 215 ɗin da faɗuwar sidi 700, wannan ta yi mini ciwo fiye da kuɗin wilin. Sababbin 205 ɗin na duba lambobi huɗun nan na mako da shekarar da aka ƙera taya, na kuma ƙi duk mai hoton dusar ƙanƙara a jiki, don kwaltar Kumasi da rana cinye su take. Mai gyaran bodi ya ɗumama fentin, ya lanƙwasa leɓen madigadin baya ciki kaɗan kaɗan, fenti bai tsage ba.

Yanzu tsakanin taya da bodi yatsana ɗaya yana shiga da lodi a ciki. Alaimen sai ranar Asabar. Sifiya har yanzu inci 14 ce, don haka na ɗaure gajerun notuna biyar a leda na ajiye kusa da jak, saboda dogayen ba za su yi mata ba idan an cire sifesa a hanya.