Godiya bayan aikin maƙoƙon Inna

Alhamdu lillahi, an sallamo mahaifiyarmu daga asibiti. Tana gida a Agege, tana cin abinci, muryarta kuma tana nan yadda muka san ta. An cire mata maƙoƙon da ya daɗe a wuyanta, wanda a ƙarshe ya kai ba ta iya kwanciya rigingine sai numfashi ya sarƙe.

Bayan Allah, godiyata ga likitan da ya yi aikin. Kafin ranar tiyata ya zaunar da ni da ƙanwata, ya zana mana wuya a bayan takarda. Ya ce a bayan tayiroyid, wata halitta a gaban wuya inda maƙoƙon ya fito, akwai wasu 'yan halittu, yawanci huɗu, ana kiransu paratayiroyid. Kowacce ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, ga shi launinsu yana sajewa da kitse, amma su ke daidaita sinadarin kalsiyam a jini. In aka haɗa da su aka cire, ko aka yanke 'yan jijiyoyin da ke kai musu jini, kalsiyam sai ya faɗi, tsoka ta riƙa ɗaurewa, wani ma ya dawwama kan magani har ƙarshen rayuwarsa.

Ranar aiki mun ƙosa a waje. Ashe likita neman 'yan halittun nan yake yi ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Uku ya bar su a wurinsu da jijiyoyinsu. Ta huɗun ta manne da maƙoƙon, jini ya daina isa gare ta, sai ya yayyanka ta ƙanana ya dasa a cikin tsokar gefen wuya, inda ake sa ran za ta kama ta ci gaba da aiki. A ganina wannan haƙurin shi ne rabin aikin.

Ina kuma gode wa nas ɗin da ke aikin dare. Inna ta ce mata, "'Yar nan, leɓena da yatsuna kamar ana tsira musu allura." Ba ta ɗauka raki ba ne. Ta ɗan ƙwanƙwasa mata gaban kunne da yatsa, gefen bakin ya motsa, alamar kalsiyam ya faɗi, nan take ta kira likita, aka ɗibi jini, aka ba ta kalsiyam. Kafin asuba abin ya lafa.

'Yan'uwana na kasuwar Mile 12 da kuka haɗa kuɗi, da samarin da suka ba da jini, da matan Idi-Araba da suka riƙa kawo kunu da farfesu, da jama'ar masallacinmu da ba su fasa addu'a ba, Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya raba ku da ciwo.

Har yanzu Inna tana shan kalsiyam da bitamin D, ga maganin tayiroyid kullum da safe kafin ta karya, kuma za mu koma gwajin jini. Masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, likita ya ce ta samu hutu.