Abin da Watt ya yi shekara goma yana jira

A shekararmu ta uku a sashen injiniyancin kanikanci aka ba rukuninmu aikin ƙera ƙaramin samfurin injin tururi irin na Thomas Newcomen. Na ji haushi. Abokanmu na can suna harkar hasken rana, mu kuma an haɗa mu da injin da aka fara kunnawa tun 1712 kusa da Dudley a Ingila, don ɗebe ruwan da ke cika ramin haƙar kwal.

A takarda abin ba wuya. Tururi ya cika silinda, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa kamar marfi, a fesa ruwan sanyi a ciki, tururin ya koma ruwa ya bar wajen wayam, sai nauyin iskar da ke waje ya danno fistin ƙasa, ya ja doguwar sandar da ke ɗauke da famfo. Wato ba tururi ne ke turawa ba, iska ce. Malaminmu ya nuna mana haka da gwangwani: ya tafasa ɗan ruwa a ciki, ya kife shi cikin bokitin ruwan sanyi, gwangwanin ya lotse kamar an taka shi. Injin Newcomen na gaske yakan yi bugu goma sha biyu a minti ɗaya. Namu kuwa ko motsi bai yi ba.

Mako biyu ina sake lissafi. Ranar nan dattijon da ke kula da ɗakin ƙira, wanda tun zuwanmu ban taɓa ɗaukarsa komai ba illa mai riƙe makulli, ya karɓi silindarmu ya ɗaga ta wajen taga da fistin a ciki.

“Injiniya, zo ka gani. Me ka hango?”

“Haske ne, Baba.”

“To inda haske ya bi, iska ba za ta bi ba?”

Bututun da muka sayo a kasuwa ba zagayayye ba ne sosai, gefe guda ya ɗan lotse. Ido ba ya gani, amma farce yana shiga. Ya ɗora shi a injin feƙe ƙarfe, yana ci kaɗan yana aunawa, tun daga azahar har aka kira la'asar.

A daren nan na koma tarihin da nake rainawa, na tarar abin da ya same mu shi ya samu James Watt. Shi ma gyaran samfurin injin Newcomen aka ba shi a Jami'ar Glasgow, a wajen 1764. Ya lura cewa yawancin tururin yana tafiya ne wajen sake ɗumama silindar da aka sanyaya a kowane bugu. A 1765 dabara ta faɗo masa: a bar silinda da zafinta, a janye tururin zuwa wata tukunya daban a sanyaya shi a can. Ya yi wa dabarar rajista a 1769. Littattafan makaranta sukan tsaya nan, kamar washegari gari ya waye da sabon inji.

Sai 1776 injinansa na farko suka fara aiki. Matsalar kuɗi na ciki, don John Roebuck da ke ɗaukar nauyinsa ya karye a 1773. Amma babbar matsalar silinda ce. Newcomen yakan toshe giɓin da fata, ya zuba ruwa bisa fistin, abin ya tafi. Watt ba shi da wannan damar, domin ruwa zai sanyaya abin da yake so ya zauna da zafi. Ya gwada takarda, ya gwada tsohuwar hula, har da kashin doki, tururi na ta zurarewa. Wanda ya fid da shi John Wilkinson ne, mai ƙera igwa, wanda ya gina injin huda ƙarfe da sandarsa ke tokare ta gaba da baya, don haka ba ta lanƙwasa. Matthew Boulton, abokin cinikin Watt, ya rubuta cewa silinda mai faɗin inci 50 da ya huda musu ba ta kauce ko da kaurin tsohon sule ba. Daga nan injin ya riƙa cin abin da bai kai rabin kwal ɗin na Newcomen ba, masu haƙar ma'adinai a Cornwall, inda kwal ke da tsada, suka yi ta saye.

Sunan Watt ne a jikin kowane ƙwan lantarki. Na Wilkinson kuwa, na tambayi 'yan ajinmu, ba wanda ya taɓa ji. Ni ma ban ji ba sai da silindata ta tona mini asiri. Shi kansa Newcomen mai sayar da kayan ƙarfe ne a Dartmouth, kuma bayanin masanin kimiyyar Faransa Sadi Carnot kan yadda zafi ke zama aiki bai fito ba sai 1824, bayan injinan sun shekara ɗari da wani abu suna ɗebe ruwa.

Samfurinmu ya tashi ranar Alhamis, bugu bakwai ya yi ya tsaya. Da na kai wa Baba rahoton ya ga sunansa a shafin godiya, sai ya mayar mini, ya ce in je in share ɓarɓashin ƙarfen da muka bari ƙarƙashin injin.