Kwalbar da ba a zuba komai a ciki ba

Na miƙa makullin ɗakin gwaji, ina haɗa kayana zan bar Zariya bayan digiri na biyu kan amfani da DNA wajen binciken laifuka. Ƙannen da ke biye da ni sun ce in bar musu shawara.

Aikina shi ne goge cikin kumatun masu sa kai daga Zagezagi da auduga, in ƙirga yadda alamomin STR, wato gajerun sassan DNA masu maimaita kansu da yawansu ke bambanta daga mutum zuwa mutum, suka yaɗu a cikinmu. In babu wannan lissafi, ko jinin da ke jikin wuƙa ya dace da na wanda ake tuhuma, alƙali ba zai san ko mutum ɗaya cikin ɗari ke da irinsa ko ɗaya cikin biliyan ba.

Duk mai yin PCR, wato gwajin ninka DNA don ya isa a karanta shi, ya san ana ware kwalba guda ta ruwa zalla, wadda dole ta fito wayam. A wani zagaye tawa ta fito da alamomi, wato DNA ɗin wani ya faɗa cikin kayan aikin. Na kai wa malamin da ke duba aikina. Ko ɗago kai bai yi sosai ba ya ce, "Kai yaro, ka san da dala ake sayen sinadaran nan? Cire wannan layin ka rubuta sauran." Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda wannan ta gurɓata, ba ni da tabbaci a kan sauran." Ya ture takardun gefe. Wannan babi na kundina ya zauna a teburinsa har damina ta wuce, hunturu ya shigo, sa'o'ina suka kare aikinsu suka tafi. A sashe kuwa labari ya bazu cewa ina da taurin kai. Kuɗin sake gwajin bashi na ci, har yau ban gama biya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ajinsa na fara jin labarin Heilbronn ta Jamus, inda 'yan sanda suka shafe shekaru suna farautar wata mata da DNA ɗinta ke bayyana a wuraren laifi daban-daban, sai a 2009 aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar audugar ɗaukar samfur. Shi ne kuma ya koya mana cewa fasahar gane mutum ta DNA da masani Alec Jeffreys ya gano a Leicester ta Ingila a 1984, aikinta na farko a shari'ar kisa shi ne wanke wani matashi da ya riga ya amsa laifin da bai aikata ba. Ya san duk wannan, ya ce in share layi.

Sauran shawarwarin ba su da yawa. Tufa mai jini ta bushe sannan a sa ta a ambulan na takarda, leda tana ruɓar da ita. Kada ka yi magana a kan kwalba buɗe ba takunkumi. Ka san mai kunna janareta da sunansa, domin in aka ɗauke wuta firiza ba ta jira. Duk hannun da samfur ya bi, mai shi ya sa hannu a takarda, musamman in Legas za a kai shi, inda aka buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017.

Maƙalarmu ta fito kwanan baya, sunansa ne a gaba. Alƙaluman da ke ciki na zagayen da na sake ne.