Ranar Tuta a Haiti: Yarjejeniyar da Aka Ɗinke da Zare

A ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara mutanen Haiti suna hutun Ranar Tuta, alhali kuwa suna da wata rana daban ta samun 'yancin kai, wato 1 ga Janairu. Na daɗe ina ganin raba waɗannan ranaku biyu daidai ne, domin abin da ya faru a garin Arcahaie a watan Mayun 1803 shi ne ya share fagen abin da aka shelanta a Gonaïves a farkon 1804.

Kafin ta zama Haiti, sunan ƙasar Saint-Domingue, kuma ita ce ɓangaren yamma na tsibirin Hispaniola da ke tekun Karibiyan, wanda Sifaniya ta sallama wa Faransa a 1697. A ƙarni na 18 babu wata ƙasar mallaka da ta kai ta kawo wa Turawa riba, saboda gonakin rake da na kofi, kuma da jinin bayi aka gina wannan arziki. Zuwa 1789 akwai bayi kusan rabin miliyan a ƙasar, mafi yawansu haifaffun Afirka ne, domin azabar aikin rake tana kashe mutane fiye da yadda ake haihuwarsu, sai a riƙa cike gurbi da sababbin kamu daga yankin Kongo da gaɓar Afirka ta Yamma. A cikin takardun da masu gonaki suka riƙa lissafa bayinsu har da sunan Hausawa. Bayan bayi da Turawa akwai rukuni na uku, wato 'yantattu waɗanda galibinsu 'yan ruwa biyu ne, wasunsu suna da gonaki da ilimi har ma da bayi nasu, amma doka ta hana su daidaito da farar fata.

A watan Agustan 1791 bayin arewacin ƙasar suka tayar da bore ƙarƙashin jagorori irin su Dutty Boukman, suka banka wa gonaki wuta. Yaƙin ya tilasta wa Faransa soke bauta, da farko a cikin ƙasar a 1793, sa'an nan majalisar Paris ta tabbatar da haka a 1794. A wannan tsakani ne Toussaint Louverture, wanda shi ma a cikin bauta aka haife shi, ya yi fice har ragamar ƙasar ta koma hannunsa.

Akwai wani babi da masu ba da labarin tutar sukan tsallake, kuma a ganina idan aka tsallake shi ba za a gane nauyin ranar ba. Tsakanin 1799 da 1800 an gwabza yaƙin basasa mai muni tsakanin rundunar Toussaint da ta André Rigaud, jagoran 'yan ruwa biyu na kudu. A wannan yaƙi Jean-Jacques Dessalines yana ɓangaren Toussaint, Alexandre Pétion kuwa yana ɓangaren Rigaud, kuma sun fuskanci juna a ƙawanyar da aka yi wa garin Jacmel, inda yunwa da takobi suka halaka jama'a da yawa. Pétion ya sha kaye ya tafi Faransa, kuma da ya dawo a 1802, tare da rundunar Faransa ya dawo. Saboda haka mutanen da suka zauna a Arcahaie mutane ne da akwai jini a tsakaninsu, jinin da bai wuce shekara uku da zuba ba.

Abin da ya haɗa kansu shi ne Napoleon Bonaparte. A 1802 ya turo mijin ƙanwarsa, Janar Charles Leclerc, da dubban sojoji domin ya karɓe iko daga hannun baƙaƙen hafsoshi. An kama Toussaint ta hanyar yaudara, aka kai shi kurkukun Fort de Joux a Faransa, inda ya rasu a watan Afrilun 1803. Da labari ya iso cewa an mayar da bauta a tsibirin Guadeloupe, sai kowa ya fahimci inda aka dosa: baƙi zai koma gona da sarƙa a ƙafa, ɗan ruwa biyu kuma zai rasa ɗan matsayin da ya samu. A watan Oktoban 1802 Pétion da Dessalines da Henri Christophe suka juya wa Faransa baya. Zazzaɓin shawara ya kashe Leclerc, magajinsa Rochambeau kuma ya shiga kisa ba tare da tantance baƙi da ɗan ruwa biyu ba, wanda hakan ya ƙara rufe duk wata ƙofar sulhu.

A taron Arcahaie hafsoshin suka amince Dessalines ya zama babban kwamandansu, kuma aka tsayar da tuta guda. Labarin da 'yan Haiti suke gada kaka da kakanni ya ce Dessalines ya ɗauki tutar Faransa mai launi uku, ya yage farin da ke tsakiya, wata mata mai suna Catherine Flon ta ɗinke shuɗin da jan, shuɗi a madadin baƙaƙe, ja a madadin 'yan ruwa biyu. Masana tarihi suna nuni da cewa ta baki aka fi adana wannan labari, amma matsayinsa a zukatan jama'a ya kai ga sa hoton Catherine Flon a kan takardar kuɗin ƙasar. Mutane sun fi son ambaton yagewar saboda tana da armashi, ni kuwa ɗinkin ya fi ɗaukar hankalina, domin korar azzalumi abu ne da kowa ya yarda da shi a lokacin, amma Pétion ya miƙa wuya ga mutumin da ya yi masa ƙawanya a Jacmel, wannan ita ce sadaukarwar da ta fi tsada. Kafin wannan lokaci ma 'yan tawayen sukan yi yaƙi ƙarƙashin tutar Faransa, suna ganin su ne masu kare aƙidar juyin juya halinta, don haka sauya tuta sanarwa ce cewa an bar neman gyara an koma neman rabuwa.

Wata shida cif bayan haka, a ranar 18 ga Nuwamba 1803, aka yi gumurzun Vertières kusa da birnin da a yau ake kira Cap-Haïtien, Rochambeau ya miƙa wuya. Ranar 1 ga Janairu 1804 Dessalines ya shelanta 'yancin kai, aka maido wa ƙasar sunanta na asali daga harshen mutanen Taino, mazauna tsibirin na asali, ta zama ƙasa ta biyu mai cin gashin kanta a nahiyoyin Amurka bayan ƙasar Amurka, kuma ƙasar da bayi suka kafa da ƙarfin damtsensu. Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa a watannin farko na 1804 Dessalines ya ba da umarnin kashe mafi yawan Faransawan da suka rage, har da mata da yara, kuma girman zaluncin da ya gabata bai wanke wannan aiki ba.

Ita kanta tutar ta sha jujjuyawa gwargwadon yadda haɗin kan ya riƙa tsinkewa. Tsarin mulkin 1805 ya mayar da ita baƙi da ja. Bayan an kashe Dessalines a watan Oktoban 1806 ƙasar ta rabe biyu, Christophe a arewa, Pétion a kudu da shuɗi da ja a kwance. Shugaban ƙasa François Duvalier ya dawo da baƙi da ja a 1964, sai bayan faɗuwar ɗansa a watan Fabrairun 1986 aka maido da shuɗi da ja, ɗauke da tambarin ƙasa mai igwa da taken da ke cewa haɗin kai shi ne ƙarfi.

Duniya kuma ba ta yafe wa Haiti nasararta ba. A 1825 Sarki Charles na 10 na Faransa ya turo jiragen yaƙi ya ɗora wa ƙasar diyyar faran miliyan 150 domin a biya tsofaffin masu bayi, daga baya aka rage zuwa miliyan 90 a 1838, kuma basussukan da aka ciwo don biyanta sun bi ƙasar har cikin ƙarni na 20. Amurka ba ta amince da ita a matsayin ƙasa ba sai a 1862. Duk wanda zai yi magana a kan talaucin Haiti da rikicin 'yan daba da ya addabi babban birnin ƙasar, Port-au-Prince, a yau bai yi adalci ba idan ya tsallake wannan lissafi, ko da yake shugabannin ƙasar ma suna da nasu kason laifin.

Har yanzu a ranar 18 ga Mayu, wadda kuma ita ce Ranar Jami'a a ƙasar, 'yan makaranta sukan yi fareti da kaɗe-kaɗe a inda tsaro ya ba da dama, 'yan Haiti mazauna Miami da New York da Montreal su ma suna fitowa kan tituna da shuɗi da ja. A watan Afrilun 2025, da diyyar ta cika shekara 200, Shugaba Emmanuel Macron ya sanar da kafa kwamitin haɗin gwiwa na masana tarihin ƙasashen biyu domin nazarin lamarin, sai dai bai yi alkawarin mayar da kuɗin ba, kuma wannan ita ce buƙatar da 'yan Haiti da yawa suke ci gaba da gabatarwa.